Almu Mai Ban Ruwa da Ƙwallon Abukado

A ƙauyukan Hausawa da ke kewaye da Wad Haddad, a yankin Jazira na ƙasar Sudan, babu wanda bai san Malam Almu mai ban ruwa ba. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya fasa bakin tur'a, wato magudanar ruwa, ya sako ruwan Nilu cikin gonakin mutane, ya tsaya da wando a naɗe yana kallon baƙar ƙasa tana sha har tsagoginta su rufe baki. Auduga ta san hannunsa, dawa ma ta sani. A gida ma haka yake, baƙo ba ya tashi da kofi ɗaya na shayi.

Da ƙarfi ya fara ja da baya, sai ɗansa Mahmudu direba ya dawo daga Damazin da wasu 'ya'yan itace koraye. Abukado, in ji shi, daga ƙasar Habasha. Almu ya ɗanɗana, ya ce ai wannan man shanu ne Allah ya rataye a bishiya. Ƙwallayen kuwa ya hana a zubar.

Na farko ya binne shi a bayan ɗaki, ya ja masa kunya, ya cika ta fal da ruwa safe da yamma, yadda ya saba yi wa auduga. Da jira ya ishe shi ya tona, ya iske ƙwallon ya ruɓe. Na biyu ma haka. Saura ɗaya, ga shi Mahmudu ya bar hanyar Damazin, ya koma jigilar Bur Sudan. In wannan ya mutu, shi ke nan.

"Malam, karamcinka ne ke kashe su," in ji matarsa Sakinatu. "Dubi na'ana'ata a ƙarƙashin randa. Ɗigo kawai take sha, ka taɓa jin ta yi ƙorafi?"

Almu ya ɗebo rairayin bakin kogi, ya cakuɗa da takin awaki a gwangwanin madara da ya huda wa gindi. Ya dasa ƙwallon, tsininsa na leƙen sama, ya ajiye inda randar ke ɗiga. Ya yi alkawari ba zai ƙara masa ko cokali ba.

Nan wahalarsa ta fara. Rairayin ya bushe a sama, zuciyarsa ta bushe tare da shi. Wata rana Sakinatu ta fito daga madafa ta tarar da shi tsugune da buta daf da gwangwanin.

"Malam, alwala ce ko ban ruwa?"

"Alwala ce, Hajja."

"To la'asar ɗin yau guda nawa ce?"

Ya kwashi butarsa yana dariya, ya fita waje. Ruwan da aka hana shi zubawa a gida ya dinga rabawa a unguwa: 'yan darbejiyar bakin masallaci, lemun maƙwabta, har jakin mai kayan miya. Kafin a ankara lungun ya yi kore shar. Abdussalami wanzami, abokin wasansa, kullum sai ya ɗaga murya: "Almu, yaya mai jego? Jaririn ya fito, ko mu mayar da ragon suna?"

Wata safiya da ya dawo daga masallaci ya duƙa kamar kullum. Ƙwallon ya tsage biyu, kuma daga tsakiya wani ɗan jan tsiro siriri ya miƙe, kansa a sunkuye kamar mai jin kunyar duniya.

"Hajja! Hajja, zo ki gani!"

Ta zo a guje da muciya a hannu, ta dubi tsiron, ta dubi mijinta.

"Ma sha Allah. To ja da baya, Malam, kada hawayen nan su zuba a ciki."

Ranar an sha gahawa a gidan har azahar, Abdussalami ne ma ya kawo dabino.

Da tsiron ya yi ganye, Almu ya tara masa tudun rairayi a gefen katanga, inda ranar yamma ba ta duka, ya mayar da shi can. Masu wucewa sukan ce zafin Jazira ba zai bar shi ya yi 'ya'ya ba. Almu sai ya ce su dai shigo su zauna. Inuwar abukadon a lokacin ba ta wuce faɗin faifai ba, amma kullum da hantsi yakan jawo gadonsa na igiya, ya sa kansa a cikinta, ƙafafu a rana, ya yi barcinsa.