Kanun Labarin da Ya Shiga Tsakanin Kakana da Amininsa

Shekaranjiya na sa ɗalibaina na sashen koyon aikin jarida su zo aji da jaridu, kowa da wadda ya samu. Da na ce su buɗe, sai ajin ya ɗauki ƙarar takarda, irin ƙarar nan da jarida take yi idan an ware ta an girgiza don ta miƙe. Na tsaya da alli a hannu, na ma manta abin da zan ce. Ƙarar nan ta mayar da ni zauren kakana, a wani ɗan ƙauye can wajen Kurugu, a ƙasar Karaye.

Kaka manomi ne, gyaɗa da dawa yake nomawa. Da girmansa ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, kuma tun daga nan bai yarda mako ya wuce bai riƙe jarida ba. Direban motar da take kai 'yan kasuwa Kano ne yake kawo masa, guda biyu na Hausa, ɗaya mai goyon bayan gwamnati, ɗaya ta 'yan adawa. Kafin su iso hannunmu labarin ya kwana biyu, takardar tana warin fetur, wani lokaci da tabon manja a gefe. Kaka bai damu ba. A wurinsa labari sabo ne muddin ba a tattauna shi a zaurensa ba.

Abokin tattaunawar tasa shi ne mai unguwar ƙauyenmu. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi makarantar allo, kuma dukansu biyu daga Gwangwan ta ƙasar Rogo suka auro. Abu ɗaya ne ya raba su: siyasa. Mai Unguwa na gwamnati ne, ko wace iri ce ta zo. Kaka kuwa bai taɓa ganin gwamnatin da ta gamshe shi ba. Kowace Juma'a bayan la'asar Mai Unguwa zai yi sallama, ya shimfiɗa buzunsa a jikin bango, Inna, wato kakata, ta aiko musu da dafaffiyar gyaɗa ko kunun tsamiya, sai a buɗe musu. Idan ka wuce ta ƙofar gidan ka rantse faɗa ake yi. Da an kira magariba sai su tashi su tafi masallaci, kafaɗa da kafaɗa.

Ina aji huɗu na firamare yanar ido ta fara rufe idon Kaka. Da farko yakan nisanta jaridar, ya kusanto da ita, ya fita haske. Wata rana ya ajiye ta a cinya ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi.

"Amarya, zo ki ara wa mijinki ido."

Haka na zama mai karatun zaure. Ba karatu ne mai sauƙi ba, domin Kaka ba ya bari a kai ƙarshen jimla lafiya. In na karanta "an ce", sai ya ɗaga hannu: "Tsaya. Wa ya ce?" In duba sama in duba ƙasa, babu wanda ya ce. Yakan sa in karanta labari ɗaya a jaridun biyu. Waccan ta ce jama'a sun yi dandazo don tarbar gwamna, wannan ta ce an kwaso mutane a motoci. Mai Unguwa ya ce ta farko ce mai gaskiya, Kaka ya ce ta biyu, ni kuma ina tsakiya ina ɓare gyaɗa. Wani lokaci in an gama shafi sai Kaka ya girgiza kai ya ce wannan ba da mu take magana ba, da ma'aikacin birni take. Ina jin daɗin ranakun nan fiye da yadda zan iya faɗa maka. Musamman da damina, ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, hasken yamma yana shigowa ta ƙofar zaure ya sauka daidai kan shafin da nake karantawa.

Sai wata shekara takin gwamnati ya makara. Damina ta yi nisa, dawa ta fara rawaya a gonaki, kowa ransa a ɓace. Ana cikin haka wani saurayi ɗan jarida ya shigo ƙauyen a kan babur, da 'yar rikoda a rataye, yana neman manomin da zai yi magana. Mutane suka nuna masa gidanmu. Ban taɓa ganin Kaka cikin murna irin ta ranar ba. Sai da ya shiga ciki ya saka rigarsa ta Juma'a, kamar rikodar tana gani. Ina zaune a gefensa ya yi bayani. Ya ce taki bai iso ba, Mai Unguwa ya yi ta zirga-zirga zuwa Karaye yana dawowa hannu wofi, kuma shi kansa Mai Unguwar gonarsa ta yi rawaya kamar ta kowa.

Da jaridar 'yan adawa ta fito, ta riga isa Karaye kafin ta iso mu. Ranar da direba ya kawo ta, Kaka ya miƙo mini yana murmushi. Na ga sunan ƙauyenmu a shafin ciki, da manyan baƙaƙe a samansa. Na karanta: manoma sun zargi mai unguwa kan ɓatan taki.

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. Ya ce in sake karantawa, na sake. Sannan ya ce in karanta labarin duka. Can ƙasa, kusa da ƙarshe, ga maganarsa nan yadda ya faɗe ta, ba ƙari ba ragi. Amma wa zai kai can?

A makon nan aka kira Mai Unguwa gaban hakimi. Aka karanta masa kanun labarin a bainar jama'a, aka gaya masa wanda ɗan jaridar ya zanta da shi. Bincike ya wanke shi, ba a tuɓe shi ba, amma dattijo ne da bai taɓa tsugunawa gaban kowa don kare mutuncinsa ba. Juma'a ta zo, bai zo ba. Inna ta dafa gyaɗa, ta huce a kwano. A masallaci yakan miƙa wa Kaka yatsu kawai ya juya. Kaka ya aika liman, ya aika Inna wurin matarsa, amsar ɗaya ce: ba komai, ya wuce. Kowa kuwa ya san bai wuce ba.

Na ci gaba da karanta wa Kaka jaridu, amma ya daina tsayar da ni. In karanta "an ce" in ɗan dakata ina jira, shiru. Ya rame a wannan damina. Inna ta ce idon ne, ni dai na san ba idon ba ne.

Sai lokacin cirar gyaɗa, wata safiya, ya ce in ɗauko tsohuwar jaridar nan in zo. Ya dafa kafaɗata muka bi ta cikin gonaki, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Muka tarar da Mai Unguwa da 'ya'yansa suna tara gyaɗa. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo marar ɗumi. Sannan Kaka ya ce:

"Mutumina, ba haƙuri na zo ba ka ba tukuna. So nake ka ji abin da na faɗa, daga bakin yarinyar da ba ta da jam'iyya."

 Na fara karatu. Da na kai wurin da Kaka ya ce gonar Mai Unguwa ma ta yi rawaya, sai Mai Unguwa ya ajiye fartanyar da ke hannunsa.

"'Yar nan, maimaita wajen nan."

Na maimaita. Sai ya nuna kanun labarin da yatsa.

"To wancan babban rubutun na sama, wa ya faɗe shi?"

Kaka ya ce, "Abin da nake tambayar kaina ke nan tun damina."

"Kai ma dai da son a ji ka a jarida. Har da canza riga, an gaya mini."

"Wannan kam na yi," in ji Kaka.

Sai Mai Unguwa ya yi dariya, gajeriya, kamar ba ya so ta fito. Ya cika mini mayafi da ɗanyar gyaɗa. Juma'ar da ta biyo baya muka ji sallamarsa. Ya shimfiɗa buzu ya ce, "A fara da ta 'yan adawa, mu ji ƙaryar wannan makon."

Shekaru bayan haka, a jami'a, wani malaminmu ya yi mana bayanin yadda ake haɗa jarida. Ya ce wanda ya ɗauko labari ba shi yake rubuta kanunsa ba. Wani ne daban a ofis, wanda bai je wurin ba, kuma abin da ke gabansa shi ne abin da zai ja mai saye da abin da zai yi wa mai jaridar daɗi. Na zauna a ajin nan hawaye yana zubo mini. Ga amsar da dattawa biyu suka nema a bakin gona, ta zo hannuna a sauƙaƙe, Kaka kuwa ya rasu tun ina shekarar farko. Allah ya jiƙansa.

Yanzu zauren nan shago ne, jikokin gidan suna cajin waya a ciki. Labari yana isa ƙauyenmu a daidai lokacin da yake isa Kano, kowa da nasa a tafin hannu, kowa yana karantawa shi kaɗai. Ba na cewa da ya fi yanzu, domin manomi yau yana iya mayar da martani da kansa in an yi masa ƙarya. Sai dai ban san inda mutum biyu masu ra'ayi daban suke zama su saurari shafi ɗaya har ƙarshe ba.

Mai Unguwa ya daɗe bayan Kaka. Zuwana na ƙarshe kafin shi ma ya rasu, na same shi a ƙofar gida, ya tsufa ƙwarai. Na gaya masa amsar tambayarsa, ya jinjina kai. Don in faranta masa, na ciro waya na fara karanta masa labaran siyasa. Ban yi nisa ba ya taɓa hannuna.

"Bar shi haka, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ni dama ba labarin nake zuwa ji ba. Musun nake zuwa yi, mai musun kuwa ya tafi."

Na mayar da wayar jaka. Na zauna tare da shi har aka kira la'asar.