Abin da Kawu Ya Goge

Ran nan a hanyar Daddara wani abu ya haske min ido daga cikin gona. Tsohon faifan sidi ne aka rataye da zare don korar tsuntsaye. Na tsaya kallonsa har mai babur ya fara tsaki. Ku yi min uzuri, a danginmu saboda ni aka fara yi wa gona irin wannan ado.

Shekarata goma sha shida lokacin, ina shirin jarabawar shiga jami'a, sai aka ce bana a kwamfuta za a yi ta. Ni kuwa ko taɓa ta ban taɓa yi ba. Duk zuriyarmu mutum ɗaya ke da ita, wato Kawu, yayan Innata, mai rumfar buga takardu a bakin boda. Kwamfutar tsohuwa ce 'yar Maraɗi, komai nata da Faransanci, kuma ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Cikinta cike yake da samfuran takardu da hotunan fasfo na direbobi da 'yan hatsi, shekara da shekaru yana tarawa. Kafin direba ya shanye shayinsa, Kawu ya canza lambar mota a samfuri ya miƙa masa takarda.

Wata malamarmu ta tura min manhajar gwajin jarabawa a filashi, na kai wa Kawu. Ya juya abin a hannu ya ce, "Ke ɗiyata, in wannan ya kashe mani na'ura, mi za mu ci?" Amma ya soka.

Fayil ɗaya ne ƙato, ya ƙi buɗuwa. Kawu ya ce tunda malama ta ce hoton faifai ne, to a faifai zai zauna. Ya kwafa shi a sidi, shiru. Ya sake, shiru. Sai da ya ɓata guda bakwai, iyakar abin da ke rumfar ke nan. Kaka ta kwashe su ta kai gona, tana cewa ko ba komai karatuna ya fara amfanar gero.

Saura mako uku, na cire rai. Ranar kasuwa, ranar da ya fi ciniki, Kawu ya rufe rumfa ya tafi Maraɗi wajen wani mai gyara. Da la'asar ya dawo, da bayani rubuce da ajami a bayan kwalin shayi.

"Ashe ba kwafa shi a kai ba," in ji shi. "Faifan ne sukutum anka ɗaure kamar damin gero. Kwance shi a kai."

Ya saka wata 'yar manhaja da aka ba shi, na'urar ta karɓi fayil ɗin tamkar an zura mata faifan gaske. Ya buɗe! Muka danna wurin sakawa, ya fara tafiya, can sai ya tsaya, wani rubutu ya fito. Kawu ya karanta, ya ce in je in sayo masa goro. Da na dawo, tambayoyi na jirana a kan allo.

Na ci jarabawar. Amma duk daminar nan Kawu ya yi sanyi a aiki. Takarda ɗaya sai ya yi ta ƙwanƙwasa da yatsa biyu, direbobi suka gaji suka koma wata rumfa. Na ɗauka tsufa ne, har tsokanarsa nake yi, shi ma yana dariya.

Sai bayan rasuwarsa Inna ta faɗa min. Rubutun nan cewa yake babu wuri a na'urar. Sidin da zai kwashe kayansa babu, sai an je Katsina, kuma ya san in na ji ba zan yarda ba. Tsakanin tafiyata sayen goro da dawowata ya goge samfuransa da hotunan kaf. Ranar na yi kukan da ban yi ba a zaman makoki.

Yau aikin kwamfuta nake yi a ofis. Irin fayil ɗin nan danna biyu yake buɗewa, yara ma sun iya, sidi kuwa sai a gona. Amma duk ranar da na'ura ta ce min babu wuri, hannuna yakan tsaya. Kawu, ban samu na yi maka godiya ba. Allah ya yalwata maka makwanci.