Littafin Yaya a Shingen Hanyar Katagum

Shekarar da na gama sakandare, lokacin da wayar salula ta fara yawa a Azare, kusan kullum a shagon ɗan kawuna nake yini. Ya girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce masa. Gyaran rediyo da talabijin ne sana'arsa, amma a ƙuryar shagon ya ajiye na'urar gem, wato wasan bidiyo, da wata tsohuwar talabijin. In aiki ya lafa kuma an kawo wuta, sai mu zauna mu yi ta bugawa.

Yaya bai iya buga gem bakinsa a rufe ba. Yana bugawa yana sukar waɗanda suka ƙera shi. Na ƙwallo, in ji shi, riguna kawai suke canzawa duk shekara su sake sayar mana. Na yaƙi kuwa, ta yaya mutum zai yini yana gudu bai ji ƙishirwa ba, bai gaisa da kowa ba? Abin da ya fi ci masa rai shi ne garuruwan ciki: benaye, ƙanƙara, tituna babu ko akuya. Duk sabon faifan da aka kawo daga Kano da ɗoki yake saka shi, kafin azahar ya fara tsaki.

"Wata rana sai an yi wanda za a buga a cikin Azare," yakan ce. "In ba su yi ba, ni zan aika musu nawa."

Da gaske yake. Yana da littafin rubutu da yake zana nasa gem ɗin. Ɗan acaɓa ne gwarzon, zai ɗauki fasinja daga tasha ya kai shi kafin mai ya ƙare, yana kauce wa shanu da ramuka, a ƙarshe kuma 'yan fashi su tare shi. Yaya ya zana garin layi-layi, kasuwa, asibiti, banki, da kibiyoyi masu nuna hanyar shiga da ta gudu. Inda 'yan fashin za su laɓe ya ɗiga jan biro, ya zana 'yar bindiga a gefe. Da yake rubutuna ya fi nasa kyau, ni nake rubuta bayanin.

Ana nan goggonmu da ke Katagum ta dawo daga aikin hajji, aka tura mu yi mata barka. Yaya ya aro babur, ya cusa littafin a jaka tare da tsarabar da aka ba mu, wai zai zana kogin garin don matakin kwalekwale na gem ɗinsa.

A lokacin ana ta zancen fashi a hanyoyi. Mun yi nisa da gari sai muka tarar da shinge: katako mai ƙusoshi da masu kaki huɗu. Ɗaya ya duba takardun babur, ya miƙo mana. Har Yaya ya ɗora ƙafa zai tayar, sai mai kakin ya ce a buɗe jaka. Ya ɗaga sabulu, ya ɗaga ƙullin goro, ya zaro littafin. Ina kallon fuskarsa tana canzawa shafi bayan shafi.

"Ku sauko. Ku cire takalma, ku zauna a ƙasa."

Kwalta ta yi zafi amma ban ji ba. Wani ya zo ya tsaya a kanmu, bakin bindigarsa daidai kunnena, ina jin warin man da aka shafa mata. Daga inda nake ina hango shafin da aka buɗe, ga rubutuna ɓaro-ɓaro: "Nan za a tare shi." Motoci na wucewa a hankali, fasinjoji na leƙenmu. Da farko tsorona kar wani ɗan unguwarmu ya gan ni ya kai wa mahaifiyata labari. Can kuma tsoron ya juya: in aka tafi da mu ba wanda ya gani fa?

Aka kai Yaya wurin babbansu, wani dattijo mai furfura a gashin baki da ke zaune a kan benci ƙarƙashin tsamiya. Ina jiyo su.

"Bankin nan, yaushe za ku shiga?"

"Ranka ya daɗe, wasa ne. Gem ne irin na talabijin."

"Wasa da bindiga?"

Yaya ya fara bayanin ɗan acaɓa da fasinja. Dattijon ya bar shi ya yi ta zuba, sannan ya ce, "To in ɗan acaɓan ya hango su ya juya fa?"

"Ai ya ci, ranka ya daɗe. Abin da masu yin gem suka kasa ganewa ke nan. A wurinsu sai ka kashe kowa. A nawa in ka tsira da fasinjanka, shi ke nan."

Na runtse ido. Ina ta addu'a a raina Allah ya sa ya yi shiru.

Aka kai shi bayan motarsu, aka kira ni. Dattijon ya ɗora yatsa a kan jan ɗigo ya ce mene ne wannan. Na faɗa. Ya buɗe wani shafin, na faɗa. Ya tambaye ni me ke faruwa in mai ya ƙare, na ce sai a tura babur ɗin, fasinja yana masifa. Ɗaya daga cikin yaransa ya yi 'yar dariya, shi bai yi ba.

Ya yage shafi huɗu ya ninke ya sa a aljihu. Ya rubuta sunayenmu, da na iyayenmu, da unguwarmu.

"In aka taɓa wuri ɗaya daga cikin takardar nan, gidanku zan fara zuwa. Ku tafi."

Sai bayan la'asar muka shiga Katagum. Goggo ta miƙo mini ruwan zamzam a ɗan kofi, garin karɓa na zubar da shi a riga. Ta ce gajiyar babur ce, na ce e. Yaya bai je bakin kogin ba.

Da muka koma Azare muka yi alkawarin ba za mu faɗa wa kowa ba. Kullum da safe sai na bi ta gaban bankin nan da ƙafa, in ga ƙofa a buɗe, mutane na shiga da fita, sannan hankalina ya ɗan kwanta. Na tabbata masu shi ba su kai ni yi masa addu'a ba. Yaya ya ci gaba da zane bayan wata biyu, amma garin da ya ƙirƙira ne, babu suna. Ya ce in zo in yi masa rubutu, na ce a'a, bai sake tambayata ba.

Ba wanda ya zo nemanmu. Duk da haka na kusa shekara, in na ji mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, sai in ajiye abin da ke hannuna in miƙe tsaye, ina jira a yi sallama.