Mahaucin da Ya Hana Ni Hanta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ran Talata, shida ga watan Mayu na 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Barmo mahauci a gidansa da ke bayan kasuwar Belbeji, yana da shekara sittin da uku, bayan jinyar kwana tara. Ni Sabi'u, wanda duk gari ke kira Mushe, wato malam da faransanci, saboda na tsufa ina koyar da yara a lakwal, makarantar boko, na zauna in rubuta ta'aziyya cikin natsuwa kamar yadda aka saba, amma abin ya faskara. Da na rubuta layi biyu na baƙin ciki sai in ji murmushi ya kufce mini don ɗokin ba da labarinka. Ka yafe mini, Baba. Kai ka jawo, don rayuwarka ba irin wadda ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa ba ce.

Duk baƙon da ya shigo kasuwarmu, abu na farko da zai ji game da kai shi ne kana da rowar hanta. Kuma gaskiya ne! Ƙato zai tsaya gaban teburinka ya ce a gasa masa hanta, sai ka ɗaga kai ka tambaye shi wa zai ci. In ya ce shi ne, a nan zai zauna ya cinye, to shi ke nan, ya rasa. Za ka ba shi tsoka, ka ba shi haƙarƙari, ka ƙara masa tumbi kyauta, amma hanta ko ƙyallinta ba zai gani ba. Tun da safe ka riga ka yanyanka ta ƙanana, ka ƙunshe a takarda, ka jera a bayan tebur, kowane ƙunshi da mai shi: yaron wance, jikar wane, matar wane mai shayarwa. Maza suka yi ta gunaguni shekara da shekaru, kuma ni ne limamin masu gunagunin. Na sha ce maka tun da nake ban taɓa ganin mahaucin da ke gardama da ciniki ba sai kai. Kai kuma sai ka ce wuyana ya riga ya yi kauri, me zan yi da hanta.

Ban san abin da kake yi ba sai a bazarar 2010. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa, makiyaya suka yi kudu da abin da ya rage. Nono da man shanu suka ɓace daga kasuwa, ganye kuwa sai busasshe. A gidana tuwon hatsi ne safe da yamma, da miya tsararo. A cikin wannan hali ƴata Zuhaira, tana da shekara biyar da rabi, ta yi ƙyanda. Kakarta ta hana a ba ta nama ko mai har sai tabon ya baje, mu kuma muka bi. Yarinya ta tashi, amma ta canza. Da rana tana wasanta lafiya lau. Da zarar rana ta faɗi sai ta lallaɓa ta jingina da bango ta yi shiru, ita da a da sai an yi da gaske ake kamo ta daga waje. In an kira ta cin tuwo sai ta taho tana laluben ƙasa da ƙafa. Sau biyu tana tuntuɓe da kwano tana kifar da abincin gida duka.

A karo na uku na mare ta. Na rubuta wannan ne da gangan, don kowa ya karanta. Ni mai koyar da ƴaƴan mutane, ni da ke zana hoton ido a allo ina faɗin sunan kowane sashe da faransanci, na mari ƴata don ba ta ganin kwano, na ce rashin ji ne da sakarci. Uwarta Rukaiya kuwa ta ce iska ce ta magariba, ta shiga yi mata turare. Muka ɗauki mako uku a haka, yarinya tana rasa idonta a gabanmu.

Ran wata kasuwa da yamma na biyo da ita ta wurinka, na fara tsokanarka kan hanta kamar kullum. Amma idonka na kan Zuhaira, wadda tun da muka shigo inuwar rumfa ta cafke rigata da hannu biyu. Ka goge hannunka, ka zagayo, ka tsuguna, ka ɗaga haɓarta ka juya fuskarta wajen haske. Sai a lokacin na ga abin da ka gani. Farin idon ya bushe, ba ya sheƙi, kuma a gefen baƙin akwai wani ɗan abu fari kamar kumfar sabulu. Ka tambaye ni ko tana gani bayan magariba. Na fara kame-kame, ina jero bayani da manyan kalmomi.

Ka ce, "Mushe, ajiye faransancin nan. Dundumi ne, kuma ya yi nisa. Tashi mu tafi."

Wallahi nama na kan tebur, wuta na ci, masu saye na tsaye, ka bar wa maƙwabcinka ka saɓa yarinyar a kafaɗa. Ina bin ka da gudu-gudu, ni da takalmin boko da biro a aljihu. Asibiti an tashi, don haka gidan Majo Nafisatu muka nufa, wadda ke shugabantar asibitinmu a lokacin. A hanya ne ka ba ni labarin ƙanwarka Asma'u, makauniyar da kowa ya sani a gidanka amma ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi. Ka ce a yunwar tamanin da huɗu haka ta fara, tana ƴar shekara biyar: zama jikin bango, laluben kwano, farin abu a ido. Kuka ce zai wuce. Wata safiya baƙin idon ya yi laushi, kafin mako ya zagayo duka biyun sun tafi. Daga baya wani likita ya gaya maka cewa ɗan yankin hanta a kai a kai da ya isa ya tsare ta, alhali kai ɗan mahauta ne, hanta na bi ta hannunka kullum zuwa bakin manya. Ka faɗi wannan ba ka kalle ni ba, kana ta sauri.

Majo ta duba ta ce maganarka ce, rashin bitamin A ne. Ta ce ƙyanda na cinye ɗan abin da jikin yaro ya tara, ga kuma gidan da ba nono, ba mai, ba ɗanyen ganye. Ta ɗauko wata ƴar jar ƙwaya mai taushi, ta yanke bakinta, ta matse a bakin Zuhaira, ta ce a dawo gobe, a kuma dawo bayan mako biyu. Sannan ta dube ni ta ce da mun ƙara mako guda, ba za ta iya yi mini alkawarin komai ba. Na zauna a dandaryar ƙasa. Kai kuwa ka ciro ƙunshin hanta daga aljihu ka danƙa mini, ka ce in na kuskura na ɗanɗana, Allah na gani.

Kwana biyu bayan haka, da magariba, ina alwala a tsakar gida, sai na ji muryarta daga jikin bango: "Baba, ɗage ƙafarka, ga kunama." Na duba, ga ta kuwa, baƙa wuluk, taki ɗaya daga dugadugina. Ni ban gan ta ba, Zuhaira ta gan ta! Ban san lokacin da na yar da buta ba. Na kashe kunama, na sungumi yarinya, na fita ba takalmi har ƙofar gidanka ina kiran sunanka kamar an yi gobara. Mutane suka fito suna tambayar wa ya mutu. Ka leƙo, ka dube mu, ka yi hamdala, sannan ka ce in koma in sake alwala, liman ba zai jira Mushe ba.

Daga ranar na buɗe ido na ga aikin da kake yi a wannan tebur. Ashe duk abin da Majo ta gaya maka sai ka riƙe shi ƙam, kai da ba ka taɓa zama a aji ba. Mace ta zo sayen nama tana haki, sai ka ce ta buɗe tafin hannunta ka gani. In ya yi fari fat, ka tambaye ta ko jiri na ɗibarta, ko tana kwaɗayin cin farar ƙasa, ka ce jini ne ya yi ƙaranci. Wanda dasashinsa ke zubar da jini ka aike shi wajen mai lemon tsami da tumatir. Da ka ji cewa rashin sinadarin iyod a gishiri ke kawo maƙoƙo, sai ka tayar wa masu gishiri hankali har suka gaji suka fara kawo mai iyod. Ba ka taɓa ba kowa magani ba. Maganarka ɗaya ce, a je a ga Majo tukuna, sannan a dawo a karɓi hanta. Masu ciki kuwa ɗan yanki kaɗan kake ba su, ba kullum ba, don Majo ta gargaɗe ka cewa yawanta na iya cutar da abin da ke ciki.

Rigimarka da Sidi makiyayi kuwa har yau ana ba da labarinta. Matarsa ta yi ta fama da ƙarancin jini, ka gano cewa a rugarsu ana sauke kwano ake ɗora butar shayi. Ka ce masa shayi a kan abinci na hana jiki ɗaukar abin da ke gina jini, su riƙa jinkirtawa. Sidi ya ce ka taɓa komai nasa amma ban da shayi. Kuka shekara kuna wannan faɗa duk ranar kasuwa, yana zaginka da yarensa Tamajak kana ramawa da Hausa, kuna shan shayin tare. Da matar ta murmure, shi da kansa ya jawo maka ɗan akuya, ya ce har yanzu bai yarda ba, amma dai ga shi.

Ranar layya kuwa gari ya san ka. Al'adarmu ce a fara gasa hanta a miƙa wa mai gida da baƙinsa a zaure, yara na leƙe. Kai in ka feɗe rago sai ka kira yaran gidan su jeru, ka raba musu da hannunka, ka aika wa mata nasu, sannan ka kai wa mai gida ɗan abin da bai fi ɗan yatsa ba. Alhazai sun ɓata rai, wasu sun rantse baɗi wani mahaucin za su kira. Baɗin na zuwa sai ga su a ƙofarka.

Ranar da ka cika, zafi ya yi tsanani, aka ce a gaggauta a kai ka kafin dare. Dattawa suka zauna a zaure da farin yadi za su ɗinka likkafani. Rana ta faɗi, wuta kuma an ɗauke. Allura ta zagaya hannu huɗu, har da nawa, ba wanda ya iya zura zare, ga tsufa ga hawaye. Sai aka miƙa ta cikin gida wajen mata. Zuhaira na can, ƴar shekara ashirin yanzu, tela ce mai kekenta a bakin kasuwa. Ina tsaye a ƙofa na ga ta karɓa, ta ɗaga ta sama wajen ɗan hasken da ya rage, ta zura a karo ɗaya, tun kafin mai neman fitilar waya ya lalubo aljihunsa.

Asma'u na zaune kusa da ita a tabarma. Ta ce, "Wa ya zura?"

Aka ce Zuhaira ce, ƴar Mushe.

"An kunna fitila?"

Aka ce ba a kunna ba.

Sai ta miƙa hannu ta lalubo fuskar Zuhaira, ta shafa idanunta a hankali, ta ce, "To, Yaya Barmo ya biya bashin idona." Ta yi murmushi, hawaye na zuba. Tun rasuwar sai a lokacin ta yi kuka, mu ma muka taya ta.

Baba Barmo, da wannan zare aka ɗinka tufarka ta ƙarshe. Layya saura wata guda, kuma bana ba ka nan. Na yi wa Allah alkawari ni zan zagaya gidajen unguwarmu, in sha harara a madadinka, kuma hantar ragona ko ɗanɗane ba zan yi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Umma, da ɗanka Almustafa da ya gaji wuƙarka da teburinka, da ƙanwarka Asma'u, da mahautan Belbeji, da duk uwar da ta taɓa karɓar ƙunshin takarda daga hannunka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yafe mana gunagunin da muka yi maka. Ya Allah, bawanka Barmo ya tsare wa ƴaƴanmu ganinsu a lokacin da rana ke faɗuwa, Ka haskaka masa kabarinsa, kada Ka bar shi ya yi lalube. Amin.