Alayyahun da Barakatu Ke Ɗaura wa Tsumma

Barakatu ba ta taɓa mallakar gona ba. Ɗan fili ne gare ta bayan ɗakinta a Mairuwa, bai fi taku bakwai ba, sai tsofaffin bokitai da fasasshiyar randa. Nan take shuka alayyahu da lalo da rama, cikin randar kuma jar fulawa. Ko alwala a gindin shukar take yi, don kada ruwan ya tafi a banza.

Shekara ashirin katangarmu ɗaya. In na tsokane ta na ce, "Ƙawa, fulawar nan a miya ake sa ta?" sai ta ce, "Ke cikinki kawai kika sani. Shi ido ba shi da rabo?"

Alayyahunta mai jan kara ne, irin mahaifiyarta, da shi ta zo daga Daudawa cikin kayan aure. Duk shekara takan zaɓi tushe huɗu ta ɗaura masu tsumma, ta bar su su yi kai su bushe. Kowa a unguwa ya san mai tsumma na iri ne, ba a taɓa shi. Matan da ke zuwa ta tsinkar masu ganye kyauta sun fi kowa sani.

Ta rasu bana, irin bai gama nuna ba.

Ranar sadakar uku na leƙa bayan ɗakin. Matan da ke yi wa baƙi girki sun tuge komai har saiwa. Tsummokaran na ƙasa cikin caɓi. An juye ruwan wankin kayan cikin akuya a randar fulawa, ƙudaje sun rufe ta.

Na tambayi Amatullah, matar ƙanen mijinta, "Ba ki ga tsumman ba?"

"Na gani, Yaya. To miya za ta jira iri ne? Mai abin ma ta tafi." Tana faɗa tana lasar ludayi.

Ban ci tuwon ba. Juji na nufa, na kori awaki, na yi ta tono da hannu cikin dussa da ɓawon albasa har na samu kai ɗaya, rabinsa ɗanye. Na shanya shi a faifai. Da na murje, tsabar ba ta cika cokalin shayi ba.

Na watsa a bokiti. Tushe uku suka fito, duka masu jan kara. Jiya na yagi gefen ɗankwalinta da aka ba ni, na ɗaura wa ukun.

Allah ya jiƙanki, ƙawata, ya sanyaya makwancinki.