Babban Yatsan Mutari Maƙeri

Mutari taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, saboda haka abin da wasu ke faɗa a bayan idonsa ni a gabansa nake faɗa. A Zermu aka haife shi, amma tun yana goye ubansa Lawali ya kwaso zugazugi da guduma ya dawo Damagaram, ya kafa maƙera a bakin unguwar Kara-Kara. Lawali ba ya ƙera fartanya, ba ya ƙera gatari. Wuƙa kaɗai ya sa a gaba, daga ƙarfen ƙarƙashin tsofaffin motoci, kuma mahautan gari sun san hannunsa.

In Lawali ya ƙera wuƙa, sai ya gasa ta ta yi ja, ya tsoma ta a mai don ta yi tauri, sannan ya hau dutsen wasa da ake juyawa da ƙafa. Kullum babban yatsansa yana manne a bayan kaifin, daidai inda dutsen ke ci. Da yatsan ya ji zafi sai ya tsoma wuƙar a ruwa. Haka ya koya wa Mutari, amma ban taɓa jin ya gaya masa dalili ba. Maƙeran zamanin da can ba su da dogon bayani, sai ranƙwashi.

Babban mai sayen wuƙar gidan shi ne Mai Nasara, dattijon mahauci. Ran Layya shi ake kira gida gida ya yanka rago, kuma abin da yake taƙama da shi guda ne: bai taɓa komawa wuyan dabba sau biyu ba. Inda ya sayi wuƙa nan sauran mahauta ke saye. Da Lawali ya rasu, Mai Nasara bai sauya maƙera ba, kuma da wannan Mutari yake ciyar da gidansa.

Ana nan sai Yakuba mai walda, wanda ya yi zaman Agadas ya dawo da dabaru, ya haɗa wa Mutari injin wasa wuƙa na kuran, wato mai aiki da lantarki. Ɗamara ce mai yashi take zagaya ƙafafu biyu, moter na jan ta. A jikin moter akwai puli, wato ƙafar da igiya ke zagayawa, hawa uku: a ɗora igiya a babban, ɗamara ta yi gudu har tana kuka, a ɗora a ƙaramin, ta tafi a hankali. Yakuba ya ɗora masa kyautar safar hannu ta fata, mai kauri har gwiwar hannu.

Wayyo, safar nan! Mutari ya sa ta kamar wanda aka naɗa wa sarauta. Na ce masa, "Mutari, ko tuwo da ita kake ci?" Ya ce ni dai baƙin ciki zai kashe ni. Igiya kuwa a babban puli ya ɗora ta, ya ce wa zai sayi doki ya riƙa tafiyar jaki. Layya ta matso, aiki ya yi yawa, abin da ake wuni ana yi a dutse yanzu kafin shayi ya tafasa an gama. Wani lokaci bakin wuƙar yakan yi shuɗi, sai ya goge da ɗamara mai laushi, a zatonsa datti ne. Wuƙaƙen suka fito suna walƙiya, har ni na yaba.

Ran Layya Mai Nasara ya fita da sabuwar wuƙa. Gidan farko lafiya. Kafin rana ta ɗaga, a gidan wani Alhaji, wuƙar ta tsaya a wuyan rago. Dole tsoho ya ja, ya sake ja, ragon yana shure-shure, mai gida da baƙinsa suna tsaye. Da wata tsohuwar wuƙar Lawali da ke kubensa ya ƙarasa yankan ranar.

Washegari, ranar rabon nama, ya zo maƙera. Ina nan. Ya ajiye sabuwar wuƙar a gaban Mutari.

"Baba, lafiya?" in ji Mutari.

"Lafiya lau. Na wahalar da dabba a gaban mutane, ɗan Lawali. Ni dai alhakinta ba a kaina ni kaɗai yake ba."

Ya juya ya tafi. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Bai sake zuwa ba, sauran mahauta ma suka ɗauke ƙafa. Na ji tausayin Mutari ƙwarai, har na daina tsokanarsa.

Shi kuwa ya shiga neman mai laifi. Ya ce ƙarfen zamani ne, ya sauya ƙarfe. Ya ce man ne, ya sauya mai. Ya goga magagari a gadon bayan wuƙar, magagari ya zame don tauri, amma a kaifin sai ya ci kamar yana cin gwangwani. Ya rasa abin da ke kashe baki ya bar jiki.

Wata rana ya cire safa ya yi alwalar azahar, ya dawo daga masallaci hankalinsa na wani wuri, ya kunna inji ya ɗauki wuƙa da hannu tsirara. Yatsan da kansa ya koma inda ya saba. Ko ƙiftawa bai yi ba ya jefar da wuƙar yana yarfa hannu, yatsan ya tashi bororo. Ya tsaya yana kallon yatsan, yana kallon shuɗin da ke bakin wuƙar. Ashe gudun ɗamara ne ke ƙona kaifin ya mai da shi laushi, safar kuwa ta hana shi ji. Abin da uban yake aunawa da yatsa ke nan.

Tun daga ranar ya raba aikin biyu. Kafin wuƙa ta shiga mai, babban puli, a ci ƙarfe yadda ake so. Bayan ta yi tauri, sai ƙaramin puli, hannu tsirara, bokitin ruwa a gefen ƙafa. Aikin ya rage sauri, injin Yakuba yana tafiyar jakin da aka raina. Safar kuma matarsa Sa'a ce ke sauke tukunya da ita.

Bai aika wa kowa ba, sai da Layya ta sake matsowa ya naɗe wuƙa guda a tsumma ya ce in raka shi rumfar Mai Nasara. Muka gaisa. Mutari ya durƙusa ya miƙa wuƙar.

"Baba, a gwada."

Tsohon bai ko kwance tsumman ba. Hannun Mutari ya kama, ya juya shi, ya shafa babban yatsan. Fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kanta, tabo a kan tabo. Ya daɗe yana murza shi, har na ga idonsa ya kawo ruwa, nawa ma ya kawo.

"Haka na Lawali yake," ya ce.

Ya zare wuƙar daga tsumma ya soka ta a kubensa, kusa da tsohuwar.