Dattijo da Hoton Ajinsu

A shagon kwamfutar da nake zuwa buga takardu akwai wani dattijo da ke zama kusa da taga, tabaransa ɗaure da zare, rular katako a aljihu. Yadda yake yi wa kwamfuta tsawa ya sa na ce tsohon malamin makaranta ne.

Shafin intanet yake haɗawa da kansa. Ya ɗora hoton ajinsu na firamare, yana so duk fuskar da aka danna sunan mai ita ya fito, don shi kaɗai ya rage da ya san su duka. Amma in ya danna dogon da ke baya, sai sunan wata yarinya ya fito. Ga shi nan yana kara rula a gilashin, yana tsaki.

Mai shagon ta leƙo. "Baba, za ka fasa min kaya. Ita daga kusurwar shafi take ƙirgawa, kai kuwa daga kusurwar hoton ka auna. Cire tazarar da ke tsakaninsu."

"Ashe ɗebewa ce. Shekara talatin ina zane 'ya'yan mutane a kanta."

Da yatsa ɗaya ya gyara. Yana dannawa, sunaye na fitowa daidai, yana bin kowanne da "Allah ya jiƙa." A kan wani ƙanƙani mai falan-falan kunnuwa ya yi shiru.

"Wannan fa, Baba?"

"Wannan yana nan, 'yata. Gwiwa ce kawai ke damunsa."